Zauren Sauti: Atmos zan yi wa fim ɗina, ko sitiriyo ya wadatar?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, daga Kano da Damagaram da Zariya. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin ita ce tambayar da ake yawan tare ni da ita a bakin situdiyo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai shirya fim a Kano. Na gama ɗaukar wani shiri mai dogon zango, kashi 12, labarin zaman gidan yawa ne. Zan ɗora shi a YouTube, ina kuma fatan wata tashar talabijin ta saya. Wani abokina da ya dawo daga Legas ya ce mini yanzu duk fim ɗin da ba a haɗa sautinsa da Dolby Atmos ba tsohon yayi ne, manyan manhajojin nuna fim ko kallonsa ba za su yi ba. An yi mini kuɗin aikin, ya kusa cinye abin da na ware wa tace hoto gaba ɗaya. In daure in biya? Kuma mene ne ma bambancinsa da sitiriyo da 5.1?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a aikin. Kada ka biya, ba a wannan shirin ba. Amma ba na so ka ɗauki maganata don kawai na girme ka a sana'a, bari in warware maka yadda abin yake, kai ma ka auna.

Tsohon tsarin da muka saba da shi, kowane layin sauti yana da lasifikarsa tun daga situdiyo. Mono layi ɗaya ne, lasifika ɗaya. Sitiriyo layi biyu, hagu da dama, kuma ba sabon abu ba ne: wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar tun 1931. Shi 5.1 layi shida ne. Uku a gaba, wato hagu da tsakiya da dama, biyu a baya, sai na shida na wufa, wanda ba ya ɗaukar komai sai rugugin ƙasa da bai wuce haz 120 ba a ma'aunin kaurin sauti, shi ya sa ake ƙirga shi ɗigo ɗaya. Ya shiga gidajen silima da sunan Dolby Digital a 1992. Har inda za a ajiye kowace lasifika an ƙayyade: na gaba biyu digiri 30 daga tsakiya, na baya wajen digiri 110. Ka ɗauka uwar gida ce ta raba tuwo a kwanuka shida tun daga madafa, kowane kwano da mai shi. In mutum shida aka tarar, lafiya lau. In biyu aka tarar, dole a juye kwanukan a haɗe su, wani ma a bar shi a rufe.

Atmos, da ya fito a 2012, wata hanya ya bi. Mai haɗa sauti ba ya cewa wannan kukan tsuntsu na lasifikar baya ta hagu ne. Yana ɗaukar kukan a matsayin ƙwaya guda mai zaman kanta, ya maƙala mata bayani: a daƙiƙa kaza tana sama ta hagu, daga nan ta ratsa ta koma gaba. Na'urar da ke wurin mai sauraro ce za ta duba lasifika nawa ta tarar, ta raba musu. Tukunyar ce aka aiko da ita gaba ɗaya, tare da saƙon yadda za a raba, mai rabo yana can gidan. Tsarin yana ɗaukar layi har 128. Goma daga ciki shimfiɗa ce, wadda take kamar tsohon tsari amma da ƙarin biyu a sama, sauran 118 ƙwayoyi ne masu yawo. A babban gidan silima ana iya raba su ga lasifika har 64. Abin da ya ƙaro wanda babu shi a 5.1 shi ne sama, wato sauti ya zo maka ta saman ka. Ba Dolby kaɗai ke da irin wannan ba, akwai DTS:X, akwai MPEG-H, amma sunan Atmos ne ya fi yawo a bakin mutane.

Fasaha ce ta gaske, ni ma ina sonta. Sai dai ka tsaya ka tambayi kanka: a ina shirinka zai sauka?

Ka san amsar fiye da ni. Zai sauka a wayar wata matar aure da ta jingina ta da kofi tana gyaran kayan miya, lasifika ɗaya ce ƙarama a gindin wayar. Zai sauka a iyafis ɗin da ƙawaye biyu suka raba, kowacce kunne ɗaya. Zai sauka a talabijin ɗin mai shayi, ga ƙarar risho ga hayaniyar Adaidaita Sahu. Kafin ma ya isa can, sau da yawa ya bi ta hannun masu tura finafinai a waya, an matse shi don ya yi sauƙi, an tura ta Xender daga wannan zuwa wancan. Wancan bayanin da aka maƙala wa ƙwayoyin sauti, wanda shi ne ka biya kuɗi a kansa, ba ya tsira a wannan tafiya. Shi kansa YouTube ba Atmos yake aika wa masu kallo ba. Yana karɓar sitiriyo, yana karɓar 5.1, shi ma 5.1 ɗin sai mai kallo a talabijin da ke da kayan ji. Tashar talabijin da kake fata, sitiriyo za ta tambaye ka.

Abokinka yana da ɗan gaskiya a wuri ɗaya. Manyan manhajoji ba sa wasa da sauti. Amma in ka duba ƙa'idojin Netflix, nauyin yana kan 5.1 ne, Atmos sai ga aikin da aka yi yarjejeniya a kansa, kuma ko masu kallonsu ba kowa ke samunsa ba sai mai biyan kuɗin rukuni mafi tsada. Abin da suka fi tsanantawa a kai magana ce: sun ƙayyade ƙarfin muryar 'yan wasa a kan -27 a ma'aunin LKFS, kuma suna neman a ba su sautin a rarrabe. Fim ɗin da ake jin janareta a bayan kowace magana zai dawo wa mai shi ko da Atmos aka lulluɓe shi.

A nan nake so ka ba ni hankalinka, domin abin ya shafi harshenmu. Hausa ba ta yafe wa magana mai dishi-dishi. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ɗan ƙyas ne a maƙogwaro da bai kai ƙiftawar ido ba. Tsakanin gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasali ne kawai. Karin murya kuma shi ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. In an ɗauki magana a falo mai tayil da makirfo ɗin da ke kan kyamara, amsa-kuwwar ɗakin tana shafe waɗannan ƙananan bambance-bambance. In aka zo aka ɗora sarewar fiyano a daidai tsayin muryar jaruma, karin ya nutse. Mai kallo ba zai ce maka sautin fim ɗinka bai kewaye shi ba. Cewa zai yi, «Me ta ce?» ya mayar baya, karo na uku ya kashe ya nemi wani shirin. Labarin gidan yawa kuwa gaba ɗayansa magana ce: habaici, gugar zana, raɗa a bayan ƙyaure. Duk jarinka yana bakin 'yan wasa.

Na taɓa faɗawa wannan rami, kuma har yau abin yana damuna. Shekarun baya, lokacin da na fara samun ɗakin da ke da lasifika shida, aka ba ni wani fim in haɗa. Akwai fitowar da uwa take kiran ɗanta daga cikin ɗaki, ba a ganinta, yana ƙoƙarin ficewa daga gidan da dare, kiran nan shi ne ya tsayar da shi. Sai na kai muryarta lasifikar baya, don mai kallo ya ji kamar daga bayansa ake kiran. Tsawar hadarin da ke fitowar kuma na zuba ta duka a layin wufa. A ɗakin aiki tsigar jiki har tashi take. Da aka nuna fim ɗin a talabijin, na'ura ta dunƙule layi shida zuwa biyu kamar yadda ta saba: ta rage ƙarfin na baya, ta yar da layin wufa gaba ɗaya. Tsawa ta ɓace. Kiran uwa ya shige ƙarƙashin kiɗa. Masu kallo suka ga yaro ya tsaya cak a bakin ƙofa ba su san dalili ba. Darakta ya yi wata da watanni yana gina wannan fitowa, ni na rushe masa ita da hannuna, domin ban saurari aikin a irin abin da mutane za su saurare shi ba. Tun daga ranar akwai wata ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya da tsohuwar waya a kan teburina, ba aikin da ke fita sai ya bi ta cikinsu.

To ina za ka kai kuɗin? Tunda ka riga ka gama ɗauka, fara da zama da mai haɗa sauti ku saurari kashi 12 ɗin ba tare da kallon hoto ba. Duk layin da ba ku gane ba a ji na farko, ku rubuta. Wanda za a iya wankewa da manhaja a wanke, amma da sannu, domin in aka matsa wa wankin murya takan koma kamar daga cikin tulu ake magana. Wanda ya ƙi, a kira ɗan wasan situdiyo ya maimaita a kan motsin bakinsa. Wannan yana cin kuɗi da lallashi, amma shi ne kuɗin da mai kallo zai ji a kunnensa. A yi aikin a kan 48 kilohaz da bit 24, shi ne ma'aunin fim da talabijin. Maganar 'yan wasa ta zauna a tsakiya daram, kiɗa da hayaniyar unguwa su ne za su buɗe hagu da dama. A guji na'urorin nan masu faɗaɗa kiɗa fiye da kima, domin da yawansu suna sa hagu da dama su riƙa cin juna, da an haɗe su a lasifika ɗaya sai kiɗan ya rame. Batun ƙarfi kuma, ka tambayi tashar abin da take so a rubuce. Ma'aunin da tashoshin Turai suka tsayar, wanda wasu da dama ke bi, shi ne -23 LUFS (awo ɗaya ne da LKFS na ɗazu), YouTube kuwa yana sassauta duk abin da ya haura wajen -14. Wato za ka fitar da kwafi biyu daga haɗi guda, ba wani babban aiki ba ne.

Abu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga gobenka, kuma kusan kyauta ne. Kada ka yarda a miƙo maka sauti a dunƙule kaɗai. Ka ce a ba ka dami uku daban: damin magana, damin kiɗa, damin sauran sautuka irin su takun ƙafa da ƙarar ƙofa da kukan kaji. Ka karɓi fayil ɗin aikin kansa da duk layukansa, ka adana a wuri biyu. Ranar da wani kamfani ya ce yana son shirin da 5.1 ko Atmos, kuma ya sa kuɗin a yarjejeniya, daga nan za a ɗora, ba sai an koma farko ba. Ranar da aka so fassara shi zuwa Faransanci ko Larabci, sai a cire damin magana a sa wani. Ka lura da finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa: a wasunsu da zarar mai fassara ya buɗe baki sai kiɗa da komai su yi ƙasa, ya rufe su dawo. Rashin waɗannan damman a hannu ne ke jawo haka.

In wata rana ka yi fim don silima, to 5.1 ya zama dole a wurina, kuma ba don lasifikan baya ba, don ta tsakiya. A sitiriyo, muryar da kake ji kamar daga tsakiya take fitowa ruɗin kunne ne, yana aiki ne kawai ga wanda ya zauna daidai tsakanin lasifika biyu. Wanda ke kujerar gefe zai ji magana ta karkata zuwa bangon da ke kusa da shi. Lasifikar tsakiya da ke bayan allo ita ke ɗaure murya a bakin mai magana ga kowa da ke zauren. Atmos kuwa sai abu uku sun haɗu: wanda zai nuna ya nema, akwai ɗakin da aka jera wa lasifika 12 na tsarin 7.1.4, wato bakwai a kewaye da wufa ɗaya da huɗu a sama, aka daidaita su da ma'auni, sannan labarin kansa yana da abin da zai yi da sama. Misali ruwan Agusta a kan rufin kwano, ko jirgi da ke ratsa ƙauye da dare. Duk wanda ya ce zai yi maka Atmos, ka ce ya kai ka ɗakin ka ɗaga kai ka ƙirga. Manhajojin aiki irin su Logic Pro da Nuendo da DaVinci Resolve Studio suna iya fitar da fayil ɗin Atmos a kwamfutar cinya, da hedifon kaɗai. Hakan yana da kyau wajen koyo da fara shiri, amma ba zan karɓi kuɗin mutum in miƙa masa aikin fim da ban taɓa ji a lasifikan sama ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ce ke shirya wasan kwaikwayo na mako-mako a wata tashar FM a Damagaram, muna kuma tura shi ga masu sauraro ta WhatsApp. Ɗana ya sa mini wani sauti a kunne, na ji kamar mutum yana zagaya ni yana magana, har na waiwaya. Za mu iya yin wasanmu haka?

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya ƙara basira. Abin da kika ji shi ake kira sautin kunne biyu, kuma za ku iya, sai dai ba a matsayin babban kwafinku ba.

Ga sirrinsa. In aka yi magana ta damanki, sautin yana riga isa kunnen dama kafin na hagu, tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa tana kama ta. Kan mutum kuma yana tare wani ɓangare, sai na hagu ya ji shi a dushe. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne su ma suna canza launin sautin gwargwadon ko daga sama ya zo ko daga baya. Masu wannan aiki suna ɗauka ne da kan roba mai kunnuwa irin na mutum da makirfo a cikin kowane kunne, kamar Neumann KU 100, ko kuma su sa manhaja ta kwaikwayi kan. Fayil ɗin da ke fitowa layi biyu ne kacal kamar kowane sitiriyo, shi ya sa yake bi ta ko'ina ba tare da wata na'ura ta musamman ba. Sharaɗinsa guda ne, kuma mai tsauri: abin da aka yi wa kunnen dama ya shiga dama kaɗai, na hagu ya shiga hagu kaɗai. Wato sai da iyafis a kunne biyu.

Rediyon da ke rataye a rumfar mai kanti ko a wuyan makiyayi ba haka take ba. Tashar FM tana aika jimlar hagu da dama a babban layi, bambancinsu kuma a wani layi na gefe. Ƙaramar rediyo jimlar kaɗai take kamawa, babbar ma in ta yi nisa da gari sigina ta raunana takan koma mono. In aka tara sautin kunne biyu a layi ɗaya, waccan 'yar tazarar lokaci da ta ba ki mamaki ita ce za ta sa wasu sassan murya su kashe juna, sai maganar ta fito a shaƙe.

Abin da rediyo ta iya tun fil azal, wanda mono ba ya ɓata shi, shi ne kusa da nesa. Mai sallama ya fara daga taku biyar da makirfo yana matsowa, mai sauraro ya ga zaure ya ga tsakar gida. Mai raɗa ta matso dab, a ji numfashinta. Kishiya ta yi magana ta juya wa makirfo baya, a san fita take. Ku gina wasanku a kan wannan, na sha jin tsofaffin 'yan wasan rediyo suna gina gida guda da shi. Sannan ki zaɓi shiri ɗaya da ya dace, misali tatsuniyar dare ko fitowar cikin kasuwa, ku yi masa kwafi na musamman na kunne biyu don masu waya, a faɗa a farkonsa cewa a sa iyafis duka biyu. Akwai ƙananan makirfo da ake sawa a kunnen mutum kamar iyafis, sun fi kan roba araha nesa ba kusa ba, sai dai wanda ya sa su ya zauna kamar gunki, kada ya juya kai ko ya haɗiyi yawu da ƙarfi. Ki tura shi a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, domin saƙon murya mono ne. Ki kuma tuna da datar mutane: shirin minti 20 a mono mai kilobit 64 bai kai megabayit 10 ba, na kunne biyu a kilobit 128 ya ninka haka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Aikina na kammala karatu bidiyo ne mai digiri 360 na hawan Sallah, irin wanda mai kallo ke juya waya ko ya sa gilashin kallo ya waiga inda ya so. Sitiriyo zai yi?

AMSA: Ɗana, kai ne mutum ɗaya a cikin ukun nan da zan ce masa a'a, sitiriyo ba zai yi ba. Da na ga wasiƙarka na yi murna, domin hawan Sallah yana cikin abubuwan da na daɗe ina burin a ɗauka da sautin da ke kewaye mutum. Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, na Zazzau da na Katsina ma kowanne da irin armashinsa, kuma rabin abin a kunne yake: kakaki, algaita, tambura, kirarin 'yan lifida da na dogarai, guɗar mata daga saman katanga, ƙarar bindiga, da rugugin kofato lokacin jafi.

A bidiyonka mai kallo yana juyawa. In mai kakaki yana damansa ya juya ya fuskance shi, dole sautin ya dawo gabansa. Sitiriyo a manne yake da kunne, ba ya juyawa, sai ido ya ce gabas kunne ya ce kudu. Abin da kake buƙata shi ne Ambisonics, dabarar da Michael Gerzon na Oxford da abokan aikinsa suka gina a shekarun 1970, ta daɗe a ajiye kafin bidiyon 360 ya farfaɗo da ita. Makirfonta kawuna huɗu ne a dunƙule, kowanne na kallon kusurwarsa. Daga su ake fitar da layi huɗu: ɗaya na jimlar sautin wurin, uku na gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Babu layin da ke da lasifikarsa, hoton sautin wurin ne gaba ɗaya kamar ƙwallo, na'ura tana mirgina shi yadda mai kallo ya juya. YouTube yana karɓar wannan mai layi huɗu, wanda ake kira mataki na farko, a bidiyon 360, a tsarin da ake kira AmbiX, sai ka tabbata da shi ka fitar, kuma ka sa wa fayil ɗin alamar da ke shaida cewa sautin mai juyawa ne kafin ka ɗora. Ƙaramar na'ura irin Zoom H3-VR ta ishe ka, ka bincika ko sashenku na da ita ko wani zai ba ka haya. Kada ka sa ran za ta nuna maka wurin kowane doki daidai wa daida, mataki na farko yana nuna ɓangare ne, ba ɗigo ba, amma ga taro irin wannan ya wadatar.

Ka kafa makirfo a sanda ɗaya da kyamara, a ƙarƙashinta, gabansa ya dace da gabanta. Kafin a fara, ka tsaya gaban kyamara ka tafa, ka koma dama ka tafa, da haka za ka gane a wurin tacewa ko an karkace. Ka sa masa rigar gashi ta tare iska ko da ka ga garin shiru. Ka rage ƙarfin ɗauka sosai, domin bindigogin gargajiya in suka tashi kusa da kai za su fasa sautin, abin da ya fashe kuwa ba ya gyaruwa, amma wanda ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi. In za ka sa muryar mai bayani, ka ɗauke ta daban a ɗaki, ka sa ta a layin da ba ya juyawa, don ta zauna tare da mai kallo duk inda ya waiga. Ka nemi izini a fada tun da sauran makonni, su nuna maka inda sandarka za ta tsaya ba a hanyar dawakai ba, ka kuma je hawan farko ka yi gwaji kafin ranar da kake so ka ɗauka. Kai kanka ka nemi inda za ka ɓuya bayan ka danna, tunda kyamarar da makirfon babu abin da ke bayansu.